Kurege, Dila da Tsutsar Haƙori

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ku matso kusa da wuta. Indo, fito da abin da ke cikin kumatunki, na gan shi. Wannan tatsuniya marigayi kakanku ya fi ni iya ta, don shi har kukan Dila yake kwaikwaya. Ni dai zan ba ku ita yadda na riƙe.

An yi wani gari ana ce da shi Tudun Goruba. Mutane da dabbobi tare suke zaune, kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. A bakin rijiyar akwai wata ƙatuwar darbejiya, a gindinta kuma wata tsohuwa take zama, sunanta Gwaggo Ladingo. Ita ke riƙe da igiyar guga.

Garin nan suna da wata al'ada tun kaka da kakanni: ba a jefa guga sai da asuwaki a baki. Duk wanda ya zo ɗiban ruwa, safe ko yamma, sai ya karyi ɗan reshen darbejiya, ya tauna kansa har ya yi laushi, ya goge haƙoransa sama da ƙasa, ciki da waje, sannan Gwaggo ta miƙa masa igiya. Mai gari ne ko jaki, duk ɗaya ne a wurinta. In ka zo kana gaggawa sai ta ce, "Asuwaki a baki, guga a rijiya." Ran kasuwa kuma ta jera yara da 'yan dabbobi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Buɗe in gani." Saboda haka babu wanda ya san ciwon haƙori a garin nan, ko a labari.

Duk garin ba mai haƙora kamar Kurege. Biyun nan na gaba farare tas, masu kaifi. Da su yake fasa wa mata ƙwallon aduwa su yi mai, su kuma su ba shi gyaɗa. Ƙas, ya fasa. Ƙas, ya fasa. Haƙoran nan biyu su ne gonarsa, su ne fartanyarsa. Aibinsa ɗaya ne: kwaɗayin zaƙi.

Ana nan, ana nan, sai ga Dila ya shigo gari da kaya niƙi-niƙi: kasko, bargo, ƙwarya, awartaki irin na maƙera, da faranti an rufe da faifai. Ya shimfiɗa tabarma a kasuwa ya fara kira.

"Ina mai ciwon haƙori? Ga mai cire tsutsa ya zo."

Mutane suka dubi juna. Jaki ya ce, "Baƙo, dama haƙori yana ciwo?" Aka kwashe da dariya.

Kasuwa ta ci ta watse, ba wanda ya zo. Kasuwa ta biyu, ba wanda ya zo. Ta uku ma haka. Yunwa ta fara cin Dila. Sai ya koma gefen rijiya ya zauna yana kallon masu ɗiban ruwa tun safe har yamma. Ya ga darbejiya, ya ga tsohuwa, ya ga igiya. Ya kaɗa kai ya ce a ransa, "Ashe nan aka binne cinikina."

Washegari ya tare Kurege a hanya.

"Ɗan'uwa, an ce duk garin nan kai ne ka san daɗi. Ɗanɗana wannan."

Ya ɗaga faifai. Alewa ce ta mazarƙwaila da zuma, ja-ja-wur, tana ƙyalli. Kurege ya jefa ɗaya a baki. Jelarsa ta miƙe tsaye.

"Malam Dila, wannan daga ina?"

"Sunanta alewar mafarki. Ba da rana ake shanta ba. In za ka kwanta ka sa ta a kumatu, ka bar ta ta narke kana barci. Ka ga irin mafarkin da za ka yi."

Kurege ya kwana da alewa a kumatu. Ya yi mafarki yana iyo a tafkin zuma. Gari bai gama wayewa ba ya fito yana tsalle, gida-gida, rami-rami, yana shela. Kafin mako ya zagayo, ba wanda ke kwanciya a Tudun Goruba sai da alewa a kumatu. Uwaye har sa wa yara suke yi don su daina rigima su yi barci. Dila kuwa kyauta yake rabawa.

To kun san wanda ya kwana da zaƙi, in ya tauna darbejiya da safe ɗacinta ninki biyu yake yi. Kurege ya zo rijiya yana yamutsa fuska.

"Gwaggo, yau dai a yafe mini."

"Asuwaki a baki, guga a rijiya."

"Gwaggo, ɗacin yana kore mini mafarkina."

"Ɗan nan, mafarki ba ya fasa aduwa. Karyi reshe."

Dila yana gefe yana sosa kunne. Ya ce, "Ni baƙo ne, ba na shiga maganar gari. Amma rijiyar nan ta gari ce ko ta tsohuwa? Igiya dai ko'ina ana tufka ta."

Kurege ya ruga gida ya tufka igiyarsa, ya dawo ya jefa guga ba asuwaki. Biri ya gani ya yi. Jaki ya gani ya yi. Mutane ma suka bi. Gwaggo Ladingo ta zauna da igiyarta a cinya, ba mai karɓa. Ran kasuwa ta ce, "Buɗe in gani," yara suka watse da gudu.

Damina ta zo ta wuce. Aka yi girbi. Sai wata safiya aka ji Jaki yana kuka irin wanda ba a taɓa ji ba, kumatunsa ya kumbura kamar an cusa masa goruba. Bayansa Biri. Bayan Biri sai Tanko maƙeri, wanda ko ƙuna ba ta sa shi ƙara, ga shi yana birgima a ƙofar maƙera.

Dila ya karkaɗe tabarmarsa.

Ya ce, "Tsutsa ce. Kun san daga ina take? Daga darbejiyar nan. Shekara da shekaru kuna cusa reshenta a baki, ƙwan tsutsa yana shiga. Yanzu ya ƙyanƙyashe."

Gari ya ruɗe. Aka sari ƙaya aka kewaye darbejiya. Kurege ne ya ja reshen ƙaya na farko. Gwaggo ta dube shi, ta naɗe igiyarta ta tafi gida.

Ga yadda Dila ke aikinsa. Sai ya ɗora kasko a garwashi har ya yi zafi, ya ajiye ƙwaryar ruwa a gefe, ya lulluɓe mai ciwo da bargo, kai da kasko da ƙwarya duka. Ya zura hannu ya watsa wani abu a kaskon, hayaƙi ya turnuƙe, shi kuma yana zagayawa yana waƙa:

"Tsutsa fito, tsutsa fito,
Gidan haƙori ba naki ba ne."

Ku amsa mana.

"Gidan haƙori ba naki ba ne."

Yawwa. In ya yaye bargo sai a ga 'yan abubuwa farare, sirara, sun lanƙwashe a cikin ruwa. Mai ciwo ya ga tsutsa da idonsa, ga hayaƙi ya sa kansa ya yi nauyi, sai ya ji kamar ya warke. Ya kawo kaza ko damin gero ya ba Dila. Kwana biyu ciwo ya dawo. Zuwa na biyu, hayaƙi. Zuwa na uku kuwa, awartaki. Haka Jaki ya rasa haƙori, haka Tanko ya rasa biyu. Dila ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke.

Ana haka sai abin ya zo kan Kurege. Ya ɗauki ƙwallon aduwa zai fasa, ya ji kamar an soka masa allura daga baki har ƙwaƙwalwa. Ya saki ƙwallon ya ruga wurin Dila.

Zuwa na farko, tsutsa uku. Zuwa na biyu, tsutsa biyar. Zuwa na uku Dila ko kallonsa bai yi ba, yana cin cinyar kaza.

"Uwar tsutsar tana cikin haƙoranka na gaba. Jibi ran kasuwa zan cire su duka biyu."

"Na gaba? Malam Dila, da me zan fasa aduwa?"

"Ka sha kunu."

"Wa zai ba ni kunun in ban fasa aduwa ba?"

"Wannan kuma tsakaninka da mai kunu. Ko ka fi so tsutsa ta haura ta cinye maka ƙwaƙwalwa?"

Kurege ya koma raminsa yana shafa haƙoransa biyu da harshe. Jibi war haka babu su. Ba gona, ba fartanya.

Da asuba ciwo ya fito da shi neman ruwan sanyi. Ya doshi rijiya, sai ya ji motsi wajen ƙayar nan. Ya haye goruba ya leƙo. Me zai gani? Dila ne, ya kwanta rub da ciki yana rarrafe ta ƙarƙashin ƙaya. Ya isa gindin darbejiya, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya karyi reshe. Ya tauna kansa har ya yi laushi. Ya goge sama, ya goge ƙasa, ya goge ciki, ya goge waje. Har da kurkure baki. Sannan ya sake rarrafowa ya tafi yana murmushi.

Kurege ya daɗe a kan goruba, ciwon ma ya manta da shi. Itacen da aka ce gidan tsutsa ne, shi mai cire tsutsa yake sata da asuba. Sai kuma ya tuna, duk alewar da Dila ya raba, bai taɓa ganin ya jefa ko ɗaya a bakinsa ba.

Ya sauko, ya nufi gidan Gwaggo Ladingo, jela a ƙasa. Ya yi sallama a hankali.

"Wa nake ji kamar mai jan ƙaya?"

"Ni ne, Gwaggo. Na yi laifi."

"Ka yi. Zo nan wajen haske. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ƙwanƙwasa da ɗan tsinke.

"Na gaban nan lafiyarsu lau, datti ne kawai ya rufe su, dasashi kuma ya kumbura. Ciwonka yana can ƙurya, wani na baya ne ya yi rami. Zaƙin da kake kwana da shi ne ya zauna a kai ya yi tsami, tsamin ya ci haƙorin. Wa ya ce maka na gaba ne?"

"Dila."

"Da ya duba ya gani?"

Kurege ya tuna zuwa na farko, ya tuna na biyu, ya tuna na uku.

"Gwaggo, bai taɓa cewa in buɗe baki ba. Ko sau ɗaya."

"To."

Kurege ya zabura, jelarsa ta sake miƙewa. "Gwaggo, ki ara mini zanenki babba. Kuma gobe ki zo kasuwa."

Daga nan sai bakin rafi, wurin abokinsa Kunkuru. Suka yi ƙus-ƙus. Kunkuru ya yi dariya har ya kusa kifewa.

Ran kasuwa gari ya cika, don kowa yana son ganin yadda za a cire haƙoran da suka fi na kowa. Dila ya wasa awartaki, ya hura garwashi. Sai ga Kurege yana turo wani abu a naɗe cikin zane, abin yana nishi.

"Malam Dila, kafin ka zo kaina, ga wani bawan Allah. Nasa ya fi nawa. Kwana bakwai bai tauna komai ba."

Daga cikin zane aka ce, "Wayyo bakina. Wayyo bakina."

Kurege ya ce, "Ko za ka duba bakin nasa tukuna?"

Dila ya ce, "Mai koyo ke dubawa. Ni daga nishi nake gane tsutsa. Wannan tasa manya ce. Turo shi."

Ya jefa bargo a kan zanen, ya zura hannu, hayaƙi ya tashi, ya hau zagaye:

"Tsutsa fito, tsutsa fito."

"Gidan haƙori ba naki ba ne."

Ya jawo ƙwarya ya ɗaga sama. "Jama'a ku gani. Tara."

Kasuwa ta ɗauki salati.

Kurege ya ce, "Tara, Malam? Daga waɗanne haƙora?"

"Huɗu daga na sama, biyar daga na ƙasa."

"Ka tabbata?"

"Kai, ni za ka koya wa aikina? Na sama huɗu, na ƙasa biyar. Kowa ya shaida."

"Kowa ya ji?"

Jama'a suka ce sun ji.

Kurege ya kama bakin zane ya fizge. Sai ga Kunkuru yana ƙifta ido, yana tari. Gwaggo Ladingo ta ratso taro da sandarta, ta tsuguna a gabansa ta ce, "Buɗe in gani."

Kunkuru ya wangame baki. Aka leƙa sama, aka leƙa ƙasa. Fayau. Ko ɗaya babu.

Kunkuru ya ce, "Ni tun da na fito daga ƙwai ban taɓa yin haƙori ba. Uwata ba ta da shi, kakata ba ta da shi. Malam, na gode da ka cire mini tsutsa tara, amma ka nuna mini inda suke zaune."

Sai Jaki ya taka jelar Dila, don ya ga ya fara ja da baya. Biri ya fizgo jakarsa ya zazzage. 'Ya'yan gautan kura ne suka zubo, cike da jaka. Gwaggo ta ɗebi kaɗan ta watsa a kasko, ba bargo, ba mai ciwo, ba waƙa. Suka yi ta fashewa, ɗan farin zaren da ke cikinsu yana tsalle yana faɗawa ƙwarya yana lanƙwashewa.

Ta ce, "Ga tsutsarku."

Kurege ya ɗauko alewa ɗaya daga faranti. "Malam Dila, ga alewar mafarki. Sha mu gani."

Dila ya datse baki.

"To buɗe mu gani."

Ya ƙi. Tanko maƙeri ya matsa masa muƙamuƙi, baki ya buɗe. Haƙora jere reras, farare kamar madara, ga ɗan zaren darbejiya na asubar ranar a maƙale a tsakani.

Nan fa gari ya yamutse. Jaki ya ce a ba shi awartaki. Tanko ya ce shi ya fi iya riƙe ta. Gwaggo ta ɗaga sanda.

"Ba a cire lafiyayyen haƙori a garin nan, ko na Dila ne. Amma tun da nasa ne kaɗai suka rage da ƙarfi, da su zai kwashe ƙayar da ya sa aka zuba."

Haka aka yi. Dila ya wuni yana jan ƙaya da baki, reshe bayan reshe, yara suna yi masa waƙarsa. Ƙaya ta soke leɓe, ta soke hanci. Da ya ja na ƙarshe ya ruga daji bai waiwayo ba. Shi ya sa har yau in kun ga dila za ku ga yana yage leɓe, in rana ta faɗi kuma yana kuka. Kakanku a nan yake yin kukan, har ku faɗi don dariya. Ni ba zan iya ba.

Kurege ya karyi reshen darbejiya ya ce, "Gwaggo, sau nawa zan goge ramin nan ya rufe?"

Ta ce, "Ko sau dubu ba zai rufe ba. Asuwaki tsare ƙofa yake yi, ba ya gyara ɗakin da ya riga ya rushe. Tashi yanzu ka haye rafi, ka je wurin Balbela mai farar riga. Ita ta koyi aikin. Kada ka bari ramin ya kai saiwa."

Kunkuru ya goya shi suka haye. Abin da Balbela ta fara cewa shi ne, "Buɗe in gani." Kurege ya ji hankalinsa ya kwanta. Ta share ramin da dogon bakinta, ta cike shi, ta ce da ya ƙara wata ɗaya da sai dai a cire. Ta ce kuma ya riƙa zuwa tana dubawa ko ba ya jin ciwo. Sauran masu ciwo suka bi sahu. Wasu aka cike musu, wasu an makara. Haƙorin da Dila ya cire kuwa ya tafi ke nan. Jaki har gobe in ya tuna sai ya ɗaga kai ya yage baki yana nuna wa duniya.

Washegari Gwaggo ta koma gindin darbejiya. Kurege ya kawo igiyar da ya tufka ya ajiye a gabanta, sauran ma suka kawo nasu. Aka tambaye ta ko a haramta alewa. Ta ce a'a, a sha ran kasuwa, da rana, bayan an ci abinci, a kurkure baki. Amma kada wanda ya sake kwana da ita, kada kuma uwa ta sake sa wa ɗanta don ya yi barci.

Wata mata ta miƙo wa Kurege ƙwallon aduwa. Kowa ya zuba ido. Ya juya shi, ya saita haƙoran nan biyu, ya rufe ido.

Ƙas.

Mata suka rangaɗa guɗa.

To kun ji. Wanda ya ba ka zaƙi kyauta ya hana ka asuwaki, duba jakarsa, akwai awartaki a ciki. Wanda kuma zai yi maka magani bai ce ka buɗe ya gani ba, tashi ka ba shi wuri. Haƙori kafin ya yi ciwo ake tsare shi, kuma gari guda ke tsarewa, ba mutum ɗaya ba.

Kakanku ya koma ga Allah da haƙoransa cif, ko ɗaya bai faɗi ba. Kullum da safe shi ke yanko muku asuwaki, kun sani. 'Yar wuƙarsa tana nan a kan taga inda ya bar ta, tun ranar ban taɓa ta ba. Indo, ke ce babba. Gobe ki ɗauke ta ki yanko mana, har da nawa. Yanzu kuma kowa ya je ya goge baki kafin ya kwanta.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ba don alewar da ke hannun Indo ba, da na ce ƙarya na yi.